Littafin da bai ɓata ba: yadda muka tsara ɗakin karatunmu a Aboabo

Sati uku muka yi muna neman littafin da yake saman kanmu. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, amma gara in faɗa, wataƙila wani ya tsira daga kuskuren da muka yi.

Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa da mayafai a Kejetia, kuma a Aboabo aka haife ni, nan cikin Zangon Kumasi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan goro ne kuma malami: da hantsi yana wajen huhunan goro, bayan magariba yana zaure da ɗalibai. Da ya rasu ya bar adaka huɗu cike da littattafai. Mu magada muka zauna muka duba, in aka raba su kowa zai tura kasonsa ƙarƙashin gado, gara da danshin damina su gama da su. Sai muka yarda a bar su waƙafi a zauren da yake karantarwa.

Kafinta ya buga mana kantoci. Maƙwabta suka fara kawo nasu: wannan ya kawo littattafan sukuu na 'ya'yansa da suka gama, wancan ya kawo labaran Hausa da ya sayo a Kano. Samari uku da 'yan mata biyu suka ɗauki nauyin buɗe wurin da yamma, fi sabilillahi. Kafin shekara ta zagayo mun haura littafi 500. Lissafinsu kuwa yana wuri biyu: wani ɗan littafin rubutu mai shuɗin bango da kowa ke rubuta abin da ya ga dama a ciki, sai kuma kan mutum ɗaya, wani saurayi ɗalibin Baba da ya san inda komai yake ko da an ɗauke wuta.

Ranar da Baffa ya zo

Baffanmu ya zo daga Kano, ya ce yana son ya ga Risalar da kakanmu ya kwafa da hannunsa tun yana almajiri, mai fassarar Hausa da ajami a gefen shafuka, cikin jar gafaka. Muka duba shuɗin littafi, babu Risala ta hannu. Muka duba kantoci, babu jar gafaka. Shi kuma saurayin nan ya tafi Bawku saro albasa, wayarsa ba ta shiga.

Ba wanda ya fito fili ya ce shi ya ɗauka. Amma kun san zancen unguwa. Wani ya ce ai makulli a hannunsa yake. Wata ta ce ta ji ana sayen tsofaffin takardu da tsada. Ni da kaina na ce, "Allah dai ya sani," da irin muryar da kowa ya gane nufina.

Ranar da ya dawo, maganar ta riga ni isa kunnensa. Ya yi sallama, ya gaida Baffa, ya taka benci ya miƙa hannu kanta ta sama, ya sauko da wata baƙar gafaka. Ya ɗaga warƙa biyar na addu'o'i da ke sama, sai ga Risala. Ashe Baba ya sauya mata gafaka tun da jar ta yage, mu kuma mun buɗe ta har sau biyu, mun ga addu'o'i mun mayar. A shuɗin littafinmu an rubuta ta: "takardun Larabci, ba bango."

Ya ajiye makulli a gabana ya ce, "Hajiya, ga amanarku."

Na bi shi har gida na ba shi haƙuri a gaban mahaifiyarsa. Ya yafe, muna gaisawa lafiya lau, amma bai sake karɓar makulli ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle namu da ya zama ƙarya.

Daren nan na kasa barci. Ni da ba na barin turmi ɗaya ya fita shagona ba a rubuce ba, ni da nake riƙe littafin adashin mata, wanda nan muke ce wa susu, ban taɓa ɓatar da sidi ɗaya ba, ni ce na bar dukiyar ubana ba lissafi har ta ja wa bawan Allah zargi.

Lambobin Bature da kantocinmu

Ɗana da ke sakandare ya ce mu yi yadda manyan laburare ke yi. Ya je Laburaren Ashanti da ke harabar cibiyar al'adu ta Kumasi, ya dawo da bayanin tsarin Dewey, wanda wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fito da shi a 1876. Tsarin ya raba ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900. Muka gwada. Cikin kwana biyu muka gane matsalar: a tsarin nan duk abin da ya shafi Musulunci yana ƙarƙashin lamba ɗaya ce, 297. Tafsiri, hadisi, fiƙihu, tauhidi, duk 297 da ɗigo da wasu lambobi a baya. Mu kuwa fiye da rabin kayanmu nan suke. Kamar a ce mai shagon atamfa ya rubuta "zane" a kan kowane turmi ne.

Muka ajiye Dewey, amma mun ɗauki darasi ɗaya daga gare shi: lambar da ke jikin littafi dole ta zama ita ce a rajista, ita ce kuma ke nuna mazauninsa a kanta.

Sai muka raba kantocin yadda mutanenmu ke tambaya. Ƙ na Ƙur'ani da tafsiri, H na hadisi, F na fiƙihu, L na luga da nahawu, M na madahu da waƙoƙin wa'azi, A na adabin Hausa, S na littattafan sukuu, Y na yara, R na rubutun hannu. Kowane harafi muka ba shi launin salatif irin na masu gyaran wuta, muka manna a ƙashin bayan littafi. Ko wanda bai yi boko ba ya san kore wajen kore yake komawa. Wata tsohuwa da ke share mana zaure ta fi kowa saurin gano littafin da ya sauka a gidan da ba nasa ba.

Littattafai uku, kamar a shago

Yanzu da rajista uku muke aiki.

Ta farko ita ce rajistar shigowa. Duk littafin da ya shigo, kafin ya hau kanta, sai ya sami lamba ta bi-da-bi, a rubuta ranar zuwansa, sunansa, mawallafinsa, wanda ya kawo shi, da halin da ya zo a ciki. A buga masa hatimin roba a shafin farko da wani shafi na ciki da mu kaɗai muka sani. Lambar nan ba a sake ba wani ita har abada. In littafi ya ɓata ko ruwa ya cinye shi, sai a ja layi da jan biro a rubuta dalili. Ba a yage shafi, ba a gogewa.

Ta biyu ita ce ta nema, wadda aka jera bisa haruffa, don wanda ya zo da suna a bakinsa.

Ta uku ita ce ta aro: wa ya ɗauka, yaushe, yaushe zai dawo da shi, wa ya karɓa.

Duk ɗan kasuwa ya san wannan: littafin kaya, littafin farashi, littafin bashi. Ba wani sabon ilimi ba ne, mu ne dai ba mu taɓa tunanin littattafai ma haja ce da ke son lissafi ba.

Suna ɗaya, rubutu biyar

Inda muka fi shan wuya shi ne sunaye. Yaro zai zo ya ce malam ya aiko shi ya ari Ahalari. A bangon littafin kuwa Mukhtasar na Abdurrahman al-Akhdari aka rubuta, da Larabci. Wanda ke kan aiki ranar, in ɗan sukuu ne zalla, sai ya ce babu, alhali kwafi shida ne a kanta. Haka Ishiriniya, wadda mutane da yawa ba su san sunan mai ita, Alfazazi, ba. Haka Iziyya, Ishmawi da Ƙurɗabi. Ita kanta Risala, wani bugun da sunan Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya fara.

Ga kuma rikicin boko. Mu nan Ghana yawancinmu da ƙa'idar Turanci muke rubuta Hausa, don ba a koyar da ita a makarantun gwamnati. Yaro a Kumasi Tonanci ake koya masa a aji, Hausa kuwa a gida da kasuwa yake jin ta. Don haka wani zai rubuta "Magana Jari Che", littafin Abubakar Imam kuma "Magana Jari Ce" ne. Wani ya rubuta Qur'an, wani Kur'ani, wani Alƙur'ani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kaɗai mun same shi da rubutu biyar a bangaye daban-daban.

Maganin da muka samu mai sauƙi ne. Kowane littafi yana da gurbi biyu: sunan da ke bango, yadda yake, da harafin da aka rubuta shi, sai kuma sunan da ake kiran sa da shi a unguwa, da duk rubutun da muka taɓa ji ko gani. A rajistar nema, kowane suna yana da layinsa, yana nuna lamba ɗaya. Wanda ya nemi Ahalari a ƙarƙashin A zai same shi, wanda ya nemi Mukhtasar a ƙarƙashin M shi ma zai faɗa kan lambar nan. Mawallafi kuma da sunan da aka san shi muke jera shi. Ba wanda zai zo neman "Balewa, A. T.", Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar za a ce.

Takardun da ba su da bango

Rubutun hannu sai da muka nemi taimakon wani dattijon malami abokin Baba. Shi ya nuna mana cewa irin waɗannan takardu ba a ɗinke su ba, warƙa-warƙa suke, kuma marubutan da sukan ajiye kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafin da suka gama. Da wannan kalma ake mayar da warƙar da ta ɓace wa 'yan'uwanta. Wata biyu yana zuwa bayan la'asar, yana karantawa muna rubutawa.

Ga kowace gafaka mun rubuta layin farko bayan bisimilla, layin ƙarshe, adadin warƙa, sunan mai kwafi in ya sa, da launin gafakar. In gafaka ɗaya ta ƙunshi littafi uku, uku muke rubutawa, don abin da ya faru da Risala kada ya sake faruwa. Ba ma taɓa takardar da biro ko salatif. 'Yar farar takarda muke sakawa ciki mai ɗauke da lamba da fensir. Kuma harafin R ba ya fita zaure, ko wane ne ya zo. A zauna a karanta, ko a ɗauki hoto da waya.

Malamin nan ne ya ba mu labarin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. A shekarun 1960, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi garuruwa tana aron takardun malamai na Larabci da ajami, ta ɗauki hotonsu, ta ba kowanne lamba, ta mayar wa masu su. Alhaji Usman Boyo na cikin waɗanda suka yi wannan yawo. Ta haka aka adana da yawa daga rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga zamanin cinikin goron Gwanja, ya koma Krachi bayan yaƙin Salaga na 1892, ya rasu a 1934.

Daga baya ɗana ya binciko wani abin da ya fi wannan ban mamaki. A laburaren sarauta na Kopenhagen, a ƙasar Denmak, akwai damin takardun Larabci da Musulmin Kumasi suka rubuta a farkon ƙarni na 19, wasiƙu da addu'o'i da laƙani, waɗanda masana ke danganta tafiyarsu can da yaƙin Katamanso na 1826. Suna ajiye ƙarƙashin lamba 302 a jerin takardun Larabci. Kusan shekara 200 ke nan, a ƙasar da ba ta jin yarensu, amma wanda ya je da lambar nan za a ɗauko masa. Mu kuwa namu na kakanmu, a zauren gidanmu, sati uku muna nema.

Adakar da ba tamu ba

Rajista ta tono mana wani abin da ba mu zata ba. Muna cikin buɗe littattafan adaka ta huɗu, sai muka riƙa ganin suna ɗaya a shafin farko, ba na Baba ba, ba na kakanmu ba. Littafi 31. Muka tambayi Inna. Ta yi shiru, can ta ce, "Kayan abokin babanku ne. Lokacin Busia ya bar su."

Manya sun san zancen. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama sati biyu su bar ƙasar. Mutanen Zango da yawa suka tafi da abin da hannu zai iya ɗauka, suka bar sauran wajen maƙwabta da niyyar dawowa. Abokin Baba ya nufi ƙasar Sakkwato, bai dawo ba. Baba ya riƙe masa adakar nan har ya koma ga Allah, mu kuma da rashin sani muka haɗa da ita muka yi waƙafi.

Ba a kyauta da kayan wani. Muka cire su daga lissafin waƙafi, muka buɗe musu shafi na daban mai suna "Amana", muka daina ba da aronsu. Mun ba direbobi da 'yan goro masu zuwa can sunansa da sunan garinsu. Har yanzu ba mu ji komai ba. Amma ko bayan ranmu wani jikansa ya yi sallama, zai tarar da jerin kayan kakansa a rubuce, ɗaya bayan ɗaya.

Aro a unguwar matafiya

Dokar "sati biyu ka dawo da shi" ba ta aiki a Zango. Rabin masu aronmu yau suna Kumasi, jibi suna Tamale, Lome, Wagadugu ko Legas. Don haka aro iri biyu ne: na mazauni sati biyu, na matafiyi kwana 40, amma matafiyi ba ya tafiya da littafin da kwafinsa ɗaya ne tak. Baƙo kuma sai da wanda ya tsaya masa, kamar yadda maigida ke tsaya wa baƙonsa a cinikin goro tun zamanin fatake. Ba ma cin tara. Wanda ya ɓatar, ya sayo irinsa. Mun lura kunyar wanda ya tsaya maka ta fi tara aiki.

Wani gyaran mata ne suka jawo shi. Wata amarya ta ja ni gefe ta ce tana son littafin da ya yi bayanin haila da janaba, amma ba ta son samarin da ke kan rajista su ga sunanta kusa da shi. Tun daga nan kowane mai aro lamba gare shi. Lambar ce ke shiga rajistar aro, sunayen kuma suna wani littafi da ke hannuna. Aron mata ya ƙaru a fili bayan wannan.

Waya da takarda

Yaran sun kwafe komai cikin Google Sheets, kuma ya yi amfani ƙwarai: mutum na Alabar ko Tafo zai turo tambaya ta WhatsApp, a duba a ba shi amsa kafin ya hau trotro. Amma mun yi ƙa'ida: takarda ce uwa, waya 'ya ce. An taɓa sace wayar da muke aiki da ita, kuma kowa ya san halin wutarmu. Komai sai ya shiga takarda tukuna. Kalmar sirri tana hannun mutum uku. A cikin wayar kuma muna rubuta kowane suna sau biyu, da ƙ, ɗ, ɓ da kuma ba su, don ba kowace waya ke da su ba, kuma mai neman "Kurdabi" ba zai ga "Ƙurɗabi" ba.

Kowace shekara a watan Sha'aban muna rufe kwana biyu mu yi ƙidaya, kamar yadda nake yi a shago kafin cinikin salla. Ɗaya na kiran lamba, ɗaya na ɗaga littafi. A nan ake ganin wanda ya ɓata, wanda gara ta fara taɓawa, da wanda ba a taɓa ara ba.

Shafin "an nema, babu"

In za ku ɗauki abu ɗaya daga wannan dogon zance, ku ɗauki wannan. A bayan rajistar aro mun ware shafuka, duk wanda ya tambayi abin da ba mu da shi sai a rubuta. Da muna zaton manyan littattafan tafsiri mutane ke so. Shafin nan ya nuna mana tambayoyin jarrabawar BECE da WASSCE na shekarun baya aka fi nema, sai littattafan koyon karatun Hausa na yara, don iyaye na son 'ya'yansu su iya karanta harshen da suke magana da shi, sai kuma littattafan marubuta mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa.

Yanzu in wani zai tafi Kano ya ce me zai riƙo mana daga Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari, ba ma cewa "duk abin da ya samu". Hoton shafin nan muke tura masa. Mai son yin sadaka ma ya fi sakin hannu in ya ga ainihin abin da ake buƙata.

Ga 'yan'uwa da ke Nima, Lome, Abijan ko duk inda neman abinci ya kai mu, masu adakar littattafai a ɗaki suna tunanin buɗe wa jama'a: kada ku jira kwamfuta ko kuɗi. Littafin rubutu uku, hatimi ɗaya da salatif sun isa. Ku fara ba da lamba tun littafi na farko, ku tambayi tsofaffin gida asalin kowace adaka tun suna raye, kuma kada ku bar lissafi a kan mutum ɗaya, komai amanarsa. Ba don zai ci amana ba. Don ranar da ba ya nan, shi za a fara zargi.

Ƙanwar saurayin nan ce ke riƙe rajistar aro yanzu, ran Asabar da Lahadi. Rannan na ga ta buɗe rajistar shigowa tana nuna wa wata sabuwar yarinya yadda ake cikewa. Ta sa yatsa a layin R-1 ta karanta mata: Risala, rubutun hannu, baƙar gafaka, akwai warƙa biyar na addu'o'i a sama, kanta ta sama daga dama. Rubutun yayanta ne. Shi na roƙa ya cike layin nan da hannunsa, kuma ya yarda.